Gaisuwar Zaharaddini

Kura, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Saude,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da mutanen Kumbotso. Yaya ƙafar taki?

Kin tambayi ɗanki Zaharaddini. Lafiyarsa lau, yana gyaran injinan ban-ruwa a bakin kanal, har yanzu ba ya kallon idon mutum. Amma tun da na saka shi a zaurenmu na WhatsApp, na masu gyaran inji da haɗa sola daga Kadawa har Bunkure, wanda ba ya haɗa magana biyu a tsakar gida ya koma rubuta bayani kamar littafi. Ban taɓa ganinsa cikin mutane ba sai a can.

Matsalar ita ce shugaban zauren, wani Bilya. Ya karanta a intanet wai manyan injiniyoyin Turai masu otizim ne, wato larurar nan ta ƙwaƙwalwa mai hana cuɗanya da mutane, shi ke nan ya ɗora wa kansa ita. Sai ya kira mutum jaki, in an yi magana ya ce haka ƙwaƙwalwarsa take. Abin da muka yi shekaru muna yawon asibiti da Zaharaddini a kansa, maƙwabta suna raɗa galahanga, shi wannan ya ɗaura a hannu kamar agogo. Kuma wai shi ne ya gargaɗi Zaharaddini cewa yana faɗo wa mutane da magana ba sallama.

Na zaunar da yaron na koya masa: a gai da kowa, a tambayi iyali.

Ki gai da yara.

Yayanki,
Hambali

Kura, ranar Alhamis

Saude,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Sun cire Zaharaddini daga zauren. Ya ɗauki darasina da gaske, ya bi mutanen zauren da suna, kowa da saƙonsa. Ashe duk abin da suka taɓa faɗa yana riƙe da shi: ya tambayi Uba tarin 'yarsa, ya yi wa Lucky jajen tumatirin da tsutsa ta cinye. Su da ke aika ta'aziyya da hoton da ba su ko karanta ba, sai suka ce ya cika musu waya. Bilya mai otizim ya rubuta cewa nan ba gidan mahaukata ba ne. Injiniyoyi suka sa dariya.

Yaron bai yi kuka ba. Ya daina cin abinci dai, yana ta duba waya. Da na matsa masa, sai ya ce damuwarsa ita ce bai gama gaisuwar ba: saura mutanen Bunkure, za su ɗauka ya raina su.

Jiya na karɓi sunayen, na isar masa da gaisuwar a zauren ɗaya bayan ɗaya, har da ta Bilya, da tambayar jikin mahaifiyarsa. Ni ma sun cire ni. Zaharaddini ya ci tuwo.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayanki,
Hambali