Ƙararrawar Madam da 'Ya'yan Makwarwa

Makwarwa ta ƙyanƙyashe a gonar citta ta bayan gida! Da idona na ga 'ya'yan yau da safe suna bin uwarsu a gindin ɗorawa, kyanwarmu Madam kuwa tana kwance bisa dutse tana lasar ƙafa, ko kallonsu ba ta yi ba.

To, yanzu na gaishe ku, 'ya'yana. Ni ne babanku Zamani, a Nok, shekarar 1976. Hankalina ɗaya, kuma da hannuna nake rubutu, hannun da aka koya wa riƙe fensir a ajin yamma bayan furfura ta fito. Ƙafafuna suna kumbura, na san Ubangiji ya kusa kirana. Ba na tsoro.

Tun da marigayiya mamanku Lai'atu ta kawo kyanwa, ɓeraye suka bar rumbun acca, amma kukan makwarwa da ke tashinmu ya ɗauke, kurciyoyi ma suka ƙaura. Rufus, kai ka ce a sa Madam a buhu a kai rafi. Magdalene, ke kika ce sai dai a sa ku tare. Tun Kirsimeti ba ku gaisa ba.

1. Madam taki ce, Magdalene. Da gari ya waye ki ba ta tuwo da kan busasshen kifi ta ƙoshi, sannan ki ɗaura mata 'yar ƙararrawar da na cire daga kayan kiɗan mamanku na zumuntar mata, don tsuntsaye su ji zuwanta. Da yamma ki kwance ƙararrawar, ki kulle Madam a rumbu. Da farko na bar mata ƙararrawar dare da rana, ashe ɓeraye ma suna da kunne! Sun ci acca bara har suka yi ƙiba. Ki riƙa ja mata gashin kaza a igiya ta yi tsalle. In ta gaji da wasa, ba ta farauta.

2. Gonar citta taka ce, Rufus, ban da ciyawar gindin ɗorawa. Wannan ta makwarwa ce. Kada a sa mata wuta, ko da mafarauta sun roƙe ka.

3. Kekena na jikana Meshak ne, ran da ya miƙa wa fasto danƙonsa na harbin tsuntsu.

4. Faɗanku ya ƙare. Rufus ya so tsuntsu, Magdalene ta so kyanwar mamanta, ga su duka a raye a gida ɗaya. Ku ma ku zauna haka.

Ubangiji ya sa muku albarka, da jikokina duka. Ku zo ran Lahadi bayan sujada, tun ina iya takawa in nuna muku wurin. Ku gaya wa maƙwabta su zo. Rufus, ka biya ka ɗauko ƙanwarka. A bar karnuka a gida, a taka a hankali. Ku zo ku gani!