Kwanon da Inna Ta Kife

Zuwa ga ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal?

Inna ta kamu da korona. Ma'aikatan lafiya daga Ɗambatta sun ce ta zauna ɗaki ita kaɗai, mu kuma ba fita, ba masu dubiya. A bakin ƙofa nake ajiye mata abinci. Jiya ta kife kwanon kunu, ta ce, "Ni da na goya ki kike turo wa kwano kamar kuturwa?" Na yi bayani har muryata ta dishe, amma har yanzu ba ta sa komai a bakinta ba. Na san dokar gaskiya ce, sai dai da na sani na shiga an kulle mu tare.

Kai ne auta, maganarka kaɗai take ji, ga shi wayarka ba ta tunawa da mu sai da salla. Ka kira. Zan ɗora wayar a kan faifan kwanon in tura mata su tare.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Rabi.

Yayarka,
Hajara