Bangon Ɗakin Baya

Ranar Litinin

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya gajiya? Ya jikata, ƙawar tawa, da asmar nan tata? Allah ya sa ƙirjin ya lafa.

Na rubuto ne don a waya kullum sauri kike, ni kuma sai in rikice in ce miki to. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na fara riƙe biro.

Injiniyan da kika ɗauka ya duba gidan da za ki saya, ya kawo rahoto shafi goma sha ɗaya. Dillali a tsaye ya jujjuya shi, ya ce, "Mama, gida lafiya lau, sa hannu kawai ya rage." Yayanki ma farko da ƙarshe ya leƙa. Ni da ba ni da sauri kwana biyu na yi ina bin sa da yatsa. A shafi na takwas, can ƙasa, an rubuta cewa bangon ɗakin baya yana da danshi, kuma akwai alamar fumfuna a ƙarƙashin sabon fenti. Ɗakin da kika zaɓar wa ƙawata ke nan.

Na koma na dafa bangon. Sanyi ƙalau, alhali sauran bangwayen da ɗumi. Na kusantar da hancina, sai wari irin na tsumman da aka manta a bokiti.

Na san kin ba ni wuƙa da nama in sa hannu a madadinki. Na san kuma mai gidan hayarku ya ce ku tashi ƙarshen wata. Amma hannuna ya ƙi. Jibi zan ga mai sayarwar da kaina.

Ki shafa mini kan ƙawata.

Mamanki

Ranar Alhamis

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida ƙawata. Saƙonki ya iso, na ji kin ce in an yi ragin kuɗi saboda bangon in karɓa a wuce wurin. Ban karɓa ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Mai sayar da gidan tsohon direba ne, dogo, ba ya kallon mutum idan yana magana. Matarsa ta rasu bara, zai koma wajen ɗansa. Ya yarda zai canja makullin ƙofa da tagar kicin da ta tsage. Da na ambaci bango, na ce ɗakin jikata mai asma zai zama, sai ya ɗaure fuska. Ya ce tsohon danshi ne na ruwan sama, ya daɗe da bushewa. Ya ce, "Baiwar Allah, shekara ashirin da shida ina cikin gidan nan, ke za ki gaya mini halinsa?" Dillali ya yi dariya, wai Mama ta zama injiniya. Ya ƙara da cewa akwai wani mai saye da ke jira, ba ruwansa da shafi na takwas.

Sai na tuna abin da marigayi babanki yake yi idan an kira shi gyaran famfo, lokacin da nake riƙe masa jakar kayan aiki. Na bi gidan na rufe kowane famfo, na kicin, na banɗaki, na tsakar gida. Na roƙe su su biyo ni bakin ƙofa wajen mitar ruwa. Muka duƙa mu uku. 'Yar allurar tana juyawa a hankali, ba ta tsaya ba. Na ce, "Malam, wa yake shan ruwan nan?"

Ya ce mitar ce ta tsufa. Na ce bututun banɗaki ta cikin bangon nan ya bi, a fasa a gani. Ya ce ba mai fasa masa gida a kan zato.

Ga abin da na yi ba da izininki ba. Na ce a kira mai gyaran famfo ranar Asabar ya buɗe wurin. Idan a bushe yake, zan sa hannu nan take, mun yafe gyaran taga da makulli, mu za mu toshe ramin. Idan da ruwa, shi zai canja bututu, ya kankare bangon, ya sake filasta. Ya dube ni a karon farko, ya ce in ya ga dama ko da ruwan ya sayar wa wancan. Duk da haka ya amince a fasa.

In na jawo miki asarar gidan nan, ban san da wane ido zan kalle ki ba. Amma ni na riƙe yarinyar nan a mota ranar da numfashinta ya sarƙe, leɓenta ya canja kala. Ki taya ni addu'a.

Mamanki

Ranar Asabar

'Yata,

Fatan kun tashi lafiya ke da ƙawata. Yanzu na shigo, ko mayafi ban cire ba.

Mai gyaran famfo ya sa guduma. Bugun farko ƙura ce ta tashi, busasshiya. Dillali ya ciro biro yana miƙo mini. Na ce a sauka ƙasa kaɗan, daidai inda na dafa. Bugu na uku filastar ta zubo kamar ɗanyen ƙullu, bayanta baƙi ƙirin. Bututun ya tsage wajen tsawon yatsa, ruwa yana tsattsafowa yana bin bulo.

Dillali ya matsa kusa da tsohon yana raɗa masa cewa a toshe, wancan mai sayen ba zai tambaya ba. Na ji da kunnena. Na ɗauki jakata, na riga na sallama gidan a zuciyata.

Tsohon bai kula shi ba. Ya durƙusa ya sa hannu cikin ramin, ya daɗe a haka. Sannan ya tambaye ni shekarun yarinyar. Na ce shida. Ya ce matarsa a ɗakin nan ta yi shekarunta na ƙarshe, kullum tana cewa wari take ji, tana tari, shi kuma yana ce mata hancinta ne. Da ta rasu sai ya sayo fenti.

Na ce Allah ya jiƙanta.

Zai yi gyaran duka, kuma ya sallami wancan mai sayen ta waya a gabana. Sai dai bango yana son sati biyar kafin ya bushe, kun ga ya wuce wa'adinku. Ku taho wajena. Ɗakina ɗaya ne, amma a bushe yake. Ke da ƙawata ku hau gado, ni tabarma ta ishe ni. Kayanku yayanki ya ce a zuba a shagonsa.

In har yanzu kina fushi, ki zo ki yi shi a gabana.

Taki har kullum,
Mamanki