Wata Tara Ina Renon Su

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau. Ya Inna da yara? Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake. Ka tuna ƙwayoyin halittar da nake reno a ɗakin gwaji, waɗanda muke fatan su zama jijiya? Wata tara ina ciyar da su kullum, har ranar hutu. Saboda su ban zo ganin jaririyarka ba. Shekaranjiya abokin aikina ya bar akwatin ɗuminsu a buɗe, suka mutu ƙaf. Wai "a yi haƙuri"! Ba komai, zan sake.

Don Allah ka hana Inna gaya wa maƙwabta zan taho da allurar shanyewar ɓarin jiki. Ko ɓera ban tayar ba tukuna! Kuma na ji Baba ya daina zuwa asibiti a gasa masa ɓarin jikinsa da ya shanye, wai yana jira na. Ka kai shi gobe, ko zai yi faɗa. Ka ce ni na ce.

Amma kada ka gaya masa sun mutu.

Ƙanwarka