Tana a Gurbin Gada

Yaya Solfrid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Jostein kuna lafiya a Bergen.

Ki ce wa mijinki kada ya yi gaggawar ɗauko sandar fatsarsa. Ƙanƙarar kan duwatsu ta narke lokaci ɗaya, kogi ya cika ya koma kalar kofi da madara. Ba kifin da zai ga ƙudan gashi a wannan ruwa, komai kyan ɗaurinsa. Ya bari ruwa ya janye tukuna.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi ina zagayen gadin kogi, na hango mutum tsugune a Gurbin Gada da gwangwani a gefensa. Da tana yake kamun kifi, Yaya! A gurbin da ba a yarda a sa wa ƙugiya komai ba sai ƙudan da aka ɗaura da gashin tsuntsu. Tun daga nesa na daka masa tsawa, ina ji da kaina. Ya juyo. Baba ne.

"To, mai gadi, ka kama ɓarawo," in ji shi. "Ka tsaya kamar an dasa ka."

Ya juye tanar a ciyawa ya wuce, bai ko kalle ni ba.

Shi fa ya kawo wannan doka. Da bakinsa ya sa aka hana maƙwabcinmu Arnfinn kogi shekara guda saboda tana. Aikina ne in kai magana taron ƙungiyar masu fatsa, in kuwa na kai, za a yi masa abin da ya yi wa Arnfinn, a gaban mutanen da ya koya wa jifan fatsa. Ko shago na shiga ji nake kowa ya sani. Me zan yi?

Ƙaninki,
Eilif

Eilif,

Na samu wasiƙarka, ina gaishe ka da matarka Oddny.

Kai dai idonka na kan ruwa kullum. Ka san zurfin kowane gurbi, amma yaushe rabonka da kallon hannun Baba? Da na zo bikin Ista, a gabana ya yi ta kokawa da maɓallin rigarsa har ya haƙura ya ɗora suwaita a kai. Mutumin da maɓalli ya gagara, ta yaya zai zura zare a idon ƙugiyar ƙuda, abin da bai kai kan allura ba? Ƙugiyar tana babba ce, ita kaɗai yake iya riƙewa. Kuma ka san shi, gara ya mutu da ya ce wa wani "ɗaura mini".

Ba kai kaɗai nake yi wa faɗa ba. Na gani, na juya na ci gaba da yanka cuku kamar ban gani ba.

Kada ka kai shi. Ka ɗaura masa ƙudaje a zare tun daga gida, ka kai masa, ka ja bakinka ka yi shiru. Kifi ba zai kai ƙara ba.

Ka huta lafiya,
Solfrid

Yaya,

Ina gaisuwa. Na bi shawararki, ga abin da ta haifa.

Na kai masa ƙudajen. Yana shan kofi a bakin ƙofa, ya dube su ya ce, "Ni ka mayar ɗan koyo? Kwashe tarkacenka." Na kwashe.

A wurin taro shugaba ya tambaya ko an samu mai laifi a kogi. Na ce babu. Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sai na ji kujera ta motsa a baya.

"Akwai," in ji Baba. "Ni ne. Tana, a Gurbin Gada. Kuma mai gadinku ya gan ni da idonsa."

Arnfinn, wanda na zaci zai yi dariya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Gunnleik, zauna mana, wa ya tambaye ka?"

"Da aka kore ka, wa ya ce maka zauna?" Baba ya ɗaga hannuwansa biyu sama, suna karkarwa, kowa ya gani. "Waɗannan ne suka ci amanata. Shi kuwa wancan, lafiyarsa ƙalau ya yi muku ƙarya."

An hana shi kogi har baɗi. Shi ya fara ɗaga hannu da aka zo ƙuri'a. Ni ba wanda ya ce mini komai, gara ma a ce sun zage ni. Na ajiye musu hular gadi a kan tebur na fita. Tun ranar ban iya bin ta ƙofar gidansa ba, ta bayan coci nake zagayawa.

Eilif

Solfrid 'yata,

Ina gaishe ku. Kada ki yi dariyar rubutun, hannun ne.

Ruwa ya sauka, ya yi garau, kifi na tasowa da yamma. Ki ce wa Jostein ya zo da ƙananan ƙudaje masu duhu. Ni zan zauna a gaɓa in yi ta kushe jifansa.

Na kunyata yaron nan a gaban mutane, alhali don ni ya yi. Ki rubuta masa ya koma ya karɓi hularsa. Ki kuma ce masa baɗi, in ina nan, sai ya riƙa ɗaura mini.

Daga tagata ina hango hayaƙin gidansa. Amma ta hannunki zai fi mini sauƙi.

Babanku