Inna, Sun Tambaye Ni Inda Ruwan Marinarki Yake Zuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini. Ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu a nan muna lafiya. Matan da kika bari a marina suna nan su goma, ban da Fanta da ta koma Sikasso wajen ɗanta.

Na san wasiƙar nan ba za ta same ki ba, kuma yawancin masu karanta ta a shafina ba su taɓa ganinki ba. Duk da haka ke nake yi wa magana. Da Hausa nake rubutu, ko da yake kin san Faransanci ya fi zama a bakina, domin ba ki taɓa yarda in kawo miki kuka da yaren makaranta ba.

Shekara biyu ke nan da rasuwarki, kuma tun daga ranar nake riƙe da marinar shadda da kika kafa a Treichville, layi uku bayan babban masallaci. Kullum da safe ina fitowa daga gidanmu na 220 Logements a unguwar Adjamé, in nemi mota, in tsallake gada, in tarar Tanti Awa ta riga ta hura wuta ƙarƙashin ganguna. Har yau ita ce mai haɗa launi, har yau kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ludayinki.

Inna, abin da ya same ni shi ne wannan. Kin tuna Madam Odile, mai ofis a wajen tashar jiragen ruwa, wadda take fitar da shaddarmu ƙasashen waje? Ta kira ni watan jiya ta ce masu saye a can sun daina karɓar rinin da ba shi da takardar shaidar kula da muhalli. Ta ce tana jin nauyinki, za ta jira ni har ƙarshen watan nan, amma ba za ta iya wuce haka ba. Kin fi ni sanin cewa fiye da rabin aikinmu nata ne.

Ana neman takardar ne ta intanet, shafi bayan shafi, kuma ba ka wuce ɗaya sai ka cika shi. Na zauna da kwamfuta a ɗan ɗakinki na ajiyar yadi, na ce kafin azahar na gama. Sunan sana'a, adireshi, yawan ma'aikata, duk na wuce da sauri. Har na ji daɗin rubuta shekarar da kika buɗe wurin.

Shafi na biyar ya ce in lissafa magungunan da muke aiki da su. Na ɗauko buhun soda da na farin garin nan mai wari da ke kama launi, na kwafe sunayensu, sai na tsaya karanta gargaɗin da ke jikinsu. Ban taɓa karantawa ba. Ya yi maganar fata, ya yi maganar ƙirji. Na tuna hannuwanki, shuɗi har gwiwa, tsagaggu a tafi, kina shafa musu man kaɗe kina cewa, "Hannun mai sana'a ke nan." Na tuna tarin da kika sha a shekarunki na ƙarshe, wanda muka riƙa ɗora wa sanyin damina.

Shafi na bakwai ne ya tsayar da ni. Tambaya ɗaya ce: ina ruwan da kuka gama aiki da shi yake zuwa? Amsa uku suka bayar, a zaɓi ɗaya. Ko kana da ramin tace ruwa a wurinka, ko wani kamfani mai izini yana zuwa kwashewa, ko kana haɗe da bututun ƙazanta na gari. Babu gurbin da zan rubuta cewa muna tuntsurar da ganga a kwatar bakin ƙofa, kamar yadda muke yi tun ina rarrafe. Maɓallin wucewa gaba ya ƙi dannuwa. Mako uku ke nan ina buɗe shafin nan ina rufewa.

Kada ki ce zama na yi. Na fara da rami. Maginin da na kawo ya ce wurin zai ɗauka, amma sai da sa hannun mai fili. Kin san tsohon ya rasu kafin ke. 'Ya'yansa bakwai ba sa ga maciji da juna a kan gado, babban yana Faransa ba ya ɗaukar waya, ƙaramar kuwa ta ce in na kuskura na haƙa ko taki ɗaya, ni da kayana waje.

Na kira kamfanonin kwashe ruwa har uku. Biyu sun ce da manyan masana'antu kawai suke aiki. Na uku ya turo mutum, ya dubi lungunmu ya yi dariya, ya ce tankarsu ko a mafarki ba za ta shiga nan ba. Bututun gari kuwa bai taɓa biyowa ta layinmu ba.

Na je ofishin masu bayar da takardar da kaina. Matar da na tarar mai kirki ce, ta ba ni kujera, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ba sa karɓar komai a takarda yanzu, kuma ita ba ta da ikon ƙara amsa ta huɗu. Na yi tunanin tashi daga wurin gaba ɗaya, na zaga har bayan gari neman fili. Amma matan nan duk a Treichville suke, da ƙafa suke zuwa, su leƙa gida su ɗora tukunya su dawo. In na tafi nesa, ni kaɗai zan tafi.

Sai wani mai shagon cika takardu a Adjamé ya ce in bar masa. Zai danna amsa ta biyu, ya ɗora takardar wani kamfani mai hatimi da komai. Ya ce, "Hajiya, kowa haka yake yi, babu mai zuwa dubawa." Ba zan ɓoye miki ba, Inna, na karɓi lambarsa. Na koma marina, na buɗe shafin, na ɗora yatsana a kan amsa ta biyun. Na ce a raina mata goma ne da iyalansu, Allah ma ya san uzurina.

A ƙasan tambayar akwai ɗan rubutu da ban lura da shi ba sai ranar: a nuna a taswira inda ruwan yake ƙarewa. Na zauna ina kallon taswirar. Shekarata talatin da huɗu, a bakin kwatar nan na girma, na yi wasan jirgin takarda a cikinta, amma ban san inda ta nufa ba.

Washegari da hantsi, bayan an zubar da ruwan farko, na sa takalmi na bi shi. Ja muka rina ranar. Ya wuce ƙofar tela, ya wuce inda mata ke suyar ayaba, ya shige ƙarƙashin kwalta ya ɓullo a ɗaya gefen, jansa bai ragu ba. Mutane suna tsallake shi ba tare da sun duba ƙasa ba. Na yi ta binsa har bayan ɗakunan ajiya na tashar jiragen ruwa, inda ya zuba a lagun, babban tafkin nan da ke haɗe da teku.

Ruwan bakin gaɓar ba shi da launi ɗaya. Ja a sama, baƙi a ƙasa, kumfa a gefe. Wani dattijo yana zaune a kan kwale-kwalen da aka kife yana gyaran taru. Na gaishe shi. Ya ga ina kallon ruwan sai ya ce, "Yau ja ne. Jiya kore. Ni ba na neman kalanda, in na ga launi ya yi yawa na san Sallah ta kusa." Ya ce da can a nan yake jefa taru, yanzu sai ya yi tuƙi mai nisa, kuma ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna mini. Tsagar da ke ƙafarsa irin ta tafin hannunki ce.

Ya tambaye ni daga ina nake. Na ce daga Adjamé. Ban yi ƙarya ba, amma kin san abin da na ɓoye. Na san ba mu kaɗai ke zuba a kwatar nan ba, akwai masu gareji, akwai wasu marinan. Amma jan nan na san shi, Tanti Awa ce ta haɗa shi a gabana.

Tun ranar na hana a zubar. Na sayo gangunan roba, muna ɗura ruwan a ciki muna rufewa. Inna, da za ki leƙo tsakar marinarki yanzu, da ba ki gane ta ba. Ganguna sun cinye wajen shanya, sun cinye inda masu bugun shadda ke zama, sun kai ƙofar ɗakin yadi. Sai mutum ya karkata yake wucewa. Mun rage aiki zuwa kwana uku a mako, kuma duk da haka nan da 'yan kwanaki babu inda za mu ajiye ko ɗaya. Na kasa zubarwa, na kasa dannawa, na kasa rufe ƙofa.

Na yi fushi da ke. Ki yafe mini, amma na yi. Na ce yaya mace mai tsoron Allah kamarki, wadda ke mayar wa mai yadi ko ƙyallen da ya rage, za ta yi shekara talatin tana zuba wa mutane wannan?

Ranar Alhamis na tara matan, na karanta musu tambayar da Hausa da Julanci, na gaya musu abin da na gani da abin da mai shagon ya ce. Wasu suka ce in danna kawai, yara na makaranta. Ban ga laifinsu ba. Tanti Awa ta jira sai da suka watse. Ta zaunar da ni a kan tabarmarki ta ce, "Innarki ta bi kwatar nan kafin a haife ki."

Ta ce kin dawo ranar ba ki ci abinci ba. Sau uku kika je wa tsohon mai fili da maganar rami, sau uku ya hana, na ƙarshe har ya ce zai ba wani wurin. A zuwan na ƙarshen nan Baba ya riga ya kwanta ciwo, ga mu huɗu. Ta ce, "Kin taɓa lura ba ta bari kowa ya tuntsurar da ganga sai ita? Ta ce in akwai alhaki, ya tsaya a kanta." Na tuna, Inna. Na tuna bakinki yana motsi duk lokacin da kike zubarwa. Na ɗauka lissafin yadi kike yi.

Ashe shekara talatin kika yi a inda na yi mako uku ina ganin zan mutu. Kika tashe mu, kika aurar da mu, kika yi dariya a bukukuwa, ba ki taɓa ɗora mana ba. Ni ce ɗiyar fari, ko sunana ba kya faɗi don kunya, sai dai "ke wannan". Da kin gaya mini ko sau ɗaya, da na riƙe miki gefe ɗaya na gangar.

Na tambayi Tanti Awa me zan yi. Ta ce, "Kada ki yi ƙarya saboda mu. Kuma kada ki bar mu a titi." Na ce Tanti, biyun nan ba sa haɗuwa. Ta ce ta sani.

Jiya na goge lambar mai shagon. Shafi na bakwai yana nan yadda yake, ban danna komai ba. A maimakon haka na rubuta wa ofishin saƙo, na faɗi inda ruwanmu yake zuwa da tun yaushe, na haɗa da hoton gangunan da na bakin lagun. Na ce ba ni da amsa cikin ukun nan, su zo su gani, in akwai hanya su nuna mini. Na tura wa Madam Odile irinsa. Ita ba ta amsa ba tukuna. Su sun amsa da safiyar nan: za su turo mutum biyu ranar Talata.

Ban san abin da za su yi ba. Suna iya ba mu lokaci, suna iya sa wa magadan fili baki, suna kuma iya liƙa takarda a ƙofa su sa kwaɗo. In haka ta faru, ni ce na kira su da hannuna, kuma ni zan dubi idon mata goma in gaya musu. Wasu cikinsu sun daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Tsoro nake ji, Innata. Ina son in sa kaina a cinyarki, ki ɗora mini hannun nan mai kaushi a goshi, ko ba ki ce komai ba.

Ya Allah, ka ji ƙan mahaifiyata. Ka haskaka kabarinta, ka yalwata shi, ka sanyaya hannuwan da suka ƙone don mu ci. Ka san ta nemi hanya ba ta samu ba, ka ji istigfarin da ta yi a bakin kwata. Ka ba dattijon nan lafiyar ƙafarsa, ka sa ya yafe mana. Ka buɗa wa matan nan ƙofar abinci, ko ta hannuna ko ta wani hannun. Ya Allah, kada ka tambaye ta ruwan nan. Ta ɗauka iya ƙarfinta. Saura nawa ne, kuma ranar Talata zan tsaya a ƙofa in amsa.

Ki huta, Inna.

Ɗiyarki,
Rabi