Ki Zama Idon Baba

Ƙanwata Narelle,

Ina gaishe ki da kyau. Ya Baba da ƙafarsa, ya mijinki da yara? An samu ruwa a Dalby kuwa? Ni lafiya lau nake a nan Papua. Injin haƙar ma'adinai ya ɗan taɓa min yatsa, amma ba abin da za a gaya wa Baba ba ne.

Saƙonki ya hana ni sukuni. Kin ce ƙaramar bindigarsa ta tsage a filin harbi, ya tsira da ƙuna a hannu. Na san abin da ya faru: sau biyu ya zuba albarushi a kwanson harsashi ɗaya, cikin waɗanda yake cikawa da kansa. Tun da idonsa ya raunana, in ya gama cika kwansunan harsashinsa ni nake bin su da tocila ɗaya bayan ɗaya, in tabbatar albarushin ya tsaya daidai wa daida kafin a rufe. Ranar da zan taho ya ce, "Tafi abinka, ɗan nema, ka ɗauka makaho ne ni?" Na san cika baki ne, amma duk da haka na hau jirgi.

Don Allah ki riƙa zuwa wajensa ranar Asabar, ranar da yake cika su. Aikin ba wuya, natsuwa yake so. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, ki auna a sikeli, ki leƙa kowane kwanso. Wanda kika yi shakka, ki juye shi.

Kada ki ce ni na turo ki. Ki ce koyo kike so, zai yi ta fama da ke yana jin daɗi. Ido yake bukata, kuma har ya mutu ba zai roƙa ba.

Allah ya saka miki da alheri.

Yayanki,
Warwick